Gida, haraji da igiyar da ta rage a hannun Landan: abin da ake ja a kai a majalisar Sikotlan

Ranar Laraba 15 ga Mayu, 2024, majalisar dokokin Sikotlan da ke zama a Holyrood, cikin birnin Edinburgh, ta kaɗa ƙuri'a ta yarda cewa ƙarancin gidaje a ƙasar ya kai matsayin lamarin gaggawa. Jam'iyyar Labour ce ta kawo maganar, kuma SNP, jam'iyyar masu neman 'yancin kan Sikotlan da ke mulki, wadda ta ƙi yarda da wannan suna watanni shida kafin nan, ta bi sahu a wannan karon. Sai dai yardar ta tsaya ne a kan sunan cutar. Da aka zo batun wanda ya jawo ta, zauren ya dare gida biyu. 'Yan SNP suka ce gwamnatin Landan ce ta tsuke bakin aljihu, ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai kuma ta sa kayan gini da magina sun yi tsada. 'Yan Labour da Conservative suka ce shekara 17 ke nan SNP tana riƙe da ragama, kuma gidaje suna cikin abubuwan da aka danƙa wa Edinburgh tun ranar farko.

Kowane ɓangare yana riƙe da guntun gaskiya, kuma yadda aka raba iko tsakanin majalisun biyu ne ya ba kowa damar nuna guntunsa ya ɓoye sauran. Wanda yake son ya gane cacar bakin, sai ya fara da sanin wane makulli ne a hannun wa.

Sikotlan ta rasa majalisarta a 1707, lokacin da ta haɗe da Ingila. A ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Satumba, 1997, kashi 74 cikin ɗari na masu zaɓe suka ce a dawo da ita, kuma ta fara zama a 1999 da wakilai 129. An ba ta lafiya, ilimi, 'yan sanda, kotuna, ƙananan hukumomi da gidaje. Majalisar Westminster ta Landan ta riƙe tsaro, harkokin waje, shige da fice, mafi yawan haraji da mafi yawan kuɗaɗen tallafin marasa ƙarfi. Mai karatu daga Najeriya zai so ya kwatanta ta da majalisar dokokin jiha, kuma kwatancin zai taimaka zuwa wani wuri, amma akwai bambanci. Ikon jiha a Najeriya yana rubuce ne a kundin tsarin mulkin da ya ɗaure Abuja ita ma. Ikon Holyrood kuwa daga dokar da Westminster ta yi a 1998 ya fito, kuma a cikin dokar Westminster ta rubuta cewa ba ta sauke ikonta na yi wa Sikotlan doka ba.

A takarda, rabon ya fita tsaf. A rayuwar ɗan haya kuwa, gida ɗaya yana tsaye ne da ƙafa ɗaya a Edinburgh, ɗaya a Landan. Dokar haya, dokar korar ɗan haya, izinin gini da kuɗin gina gidajen masu ƙaramin ƙarfi duk na Holyrood ne. Kuɗin ruwan da mai gidan yake biya a kan bashin banki, Babban Bankin Ingila ne ke juya shi. Tallafin da gwamnati ke ba talaka ya biya haya, ma'aikatar ayyuka da fansho ta Landan ce ke yanke adadinsa. Yawan baƙin da ke shigowa neman wurin kwana, ma'aikatar cikin gida ta Landan ce ke da ta cewa. Shi ya sa duk muhawarar da aka fara a kan gida, kafin a tashi ta koma muhawara a kan kuɗi, daga nan ta zarce kan Landan.

Kuɗin kuwa tafiyarsa ke nan. Kaso mafi tsoka na kasafin Sikotlan dunƙulallen kuɗi ne da baitulmalin Birtaniya ke turowa kowace shekara. Ana lissafa ƙarinsa ko raginsa ne da wata dabara da ake kira da sunan Joel Barnett, ministan baitulmalin da aka ƙirƙiro ta a zamaninsa a ƙarshen shekarun 1970. Idan Landan ta ƙara wa asibitocin Ingila kuɗi, Sikotlan za ta sami ƙari gwargwadon yawan jama'arta, kuma tana da 'yancin kashe shi inda ta ga dama. Idan aka rage a Ingila, ita ma ragin ya same ta, ko tana so ko ba ta so. Ga shi kuma ba ta da damar cin bashi yadda ƙasa mai cin gashin kanta take yi. Yarjejeniyar kuɗi ta 2016 ta ƙayyade mata bashin ayyukan raya ƙasa a kan fam miliyan 450 a shekara, jimilla kada ya wuce fam biliyan 3, sai a 2023 aka yarda iyakar ta riƙa tashi tare da hauhawar farashi. Gini kuwa aiki ne na bashi. Ana kashe kuɗin yau ne, hayar ta biya a shekara talatin. Gwamnatin da aka ɗaure wa hannu a kan bashi, an taƙaita mata yawan tubalin da za ta iya ɗorawa.

Wannan ita ce hujjar da ministar kuɗi Shona Robison ta riƙe a Disamban 2023, lokacin da ta gabatar da kasafin da ya zaftare kusan fam miliyan 200 daga shirin gina gidaje masu sauƙin kuɗi, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Ta ce kuɗin ayyukan raya ƙasa da ake turowa daga Landan yana raguwa idan aka yi la'akari da tsadar kaya. Hakan gaskiya ne. Amma a nan nake ganin 'yan adawa sun fi ta hujja. Ragin da ya faɗa kan gidaje ya fi ragin da ya faɗa kan kasafin ayyuka baki ɗaya nesa ba kusa ba, kuma ba wani a Landan da ya ce mata ga inda za ta sa wuƙa. Gwamnatin da ta yi alƙawarin samar da gidaje 110,000 masu sauƙin kuɗi kafin 2032 ita ce da hannunta ta zaɓi wannan layi na kasafi, a daidai lokacin da ƙananan hukumomin Argyll and Bute, Edinburgh da Glasgow suka riga suka yi shelar cewa abin ya fi ƙarfinsu. Shekara guda bayan haka, da sabuwar gwamnatin Labour a Landan ta ƙara wa Sikotlan fam biliyan 3.4 na shekarar 2025 zuwa 2026, Robison ta mayar da kuɗin gidajen zuwa fam miliyan 768. Kuɗi ya dawo, amma ayyukan da aka tsayar ba sa tashi rana ɗaya. Kamfanin gini ya sallami ma'aikata, filin da aka yi ciniki ya suɓuce, takardun izini sun tsufa.

Tambayar da ke biyo baya ita ce: to me ya hana Sikotlan ta tara kuɗinta da kanta? Tana tarawa, kuma a nan ne aka fi tayar da jijiyar wuya.

Tun 1999 majalisar tana da ikon ɗaga harajin albashi ko sauke shi da kashi uku cikin ɗari, amma ba gwamnatin da ta taɓa amfani da shi. Abin ya sauya ne bayan ƙuri'ar neman ɓallewa ta 18 ga Satumba, 2014, wadda masu son a ci gaba da zama cikin Birtaniya suka ci da kashi 55. Domin cika alƙawarin da aka yi wa masu zaɓe gab da ƙuri'ar, dokar 2016 ta ba Holyrood ikon yanke matakai da adadin harajin albashi da fansho da kuɗin haya. Daga nan hanya ta rabu. A shekarar haraji ta 2024 zuwa 2025, Ingila tana da matakai uku, kashi 20, 40 da 45, Sikotlan kuwa shida: 19, 20, 21, 42, 45 da 48.

A ɗauki ma'aikaciyar jinya babba mai albashin fam 50,000 a shekara. Idan a Newcastle ta Ingila take zaune, harajinta na wannan shekarar fam 7,486 ne. Idan ta haye iyaka ta koma Edinburgh, zai zama kusan fam 9,028, bambancin fam 1,542. Dalili shi ne a Sikotlan matakin kashi 42 yana kama mutum ne da zarar ya wuce fam 43,662, a Ingila kuwa na kashi 40 sai ya wuce fam 50,270. Ga wani ƙulli kuma da rabon ikon ya haifar. Kuɗin inshorar ƙasa da ake cira daga albashi na Landan ne, kuma an tsara shi ya sauka daga kashi 8 zuwa kashi 2 a daidai fam 50,270, inda matakin kashi 40 na Ingila ke farawa. Tunda matakin Sikotlan ya riga shi farawa, duk fam ɗin da wannan mata ta samu tsakanin iyakokin biyu, ana cire mata kashi 42 na Edinburgh da kashi 8 na Landan. Rabin kuɗin aikin daren da ta ƙara ya tafi. Ba majalisar da ta zauna ta yanke cewa haka za a yi mata. Dokoki biyu ne suka yi karo a kan takardar albashinta.

'Yan Conservative kan ɗauki irin wannan misali su ce Sikotlan ta zama yankin da ya fi ko'ina nauyin haraji a Birtaniya, kuma likitoci da injiniyoyi za su tattara su koma kudu. SNP kan amsa da cewa masu albashin ƙasa da kusan fam 28,850 sun biya ƙasa da takwarorinsu na Ingila a waccan shekarar, sannan ta jero abin da harajin ke saya: jami'a ba kuɗin makaranta ga 'yan ƙasa, magani kyauta, da tallafin mako-mako ga yaran gidajen talakawa, wanda aka fara da fam 10 a 2021 ya kai fam 26.70 a 2024. Duka biyun akwai abin da ba sa son faɗa. Rangwamen da masu ƙaramin albashi suka samu bai wuce fam 23 a shekara ba, bai isa a yi tutiya da shi ba. Su kuma masu cewa a rage haraji ba kasafai suke nuna wane tallafi za su yanke ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan wuyar gani. Da aka ba Sikotlan harajin albashi, sai aka riƙa cire wani adadi daga dunƙulallen kuɗin da Landan ke turowa, kuma adadin yana girma ne gwargwadon yadda harajin kowane mutum ke girma a Ingila da Ireland ta Arewa. Ma'ana, Sikotlan tana tsere ne da tattalin arzikin da birnin Landan da manyan albashinsa ke ciki. Idan albashi ya fi saurin tashi a can, wani kaso na ƙarin harajin da ma'aikaciyar jinyar nan ta biya zai tafi ne wajen cike giɓin, kafin a kai ga gina ko ɗaki ɗaya. Hukumar hasashen kuɗi ta Sikotlan ta sha nuna cewa ribar da ke shiga kasafi ba ta kai abin da ƙarin harajin ya tara a lissafi ba. Harajin ribar hannun jari da na ajiyar banki kuma suna hannun Landan, don haka mai kamfani zai iya karɓar kuɗinsa a matsayin riba ya kauce wa matakan Edinburgh, abin da malamin makaranta ba zai iya ba.

Duk wannan uzuri ne mai ƙarfi. Amma akwai harajin da yake hannun Holyrood ɗari bisa ɗari tun 1999, kuma a kansa ba ni da uzurin da zan ba kowace jam'iyya. Shi ne harajin gida da ƙananan hukumomi 32 ke karɓa. Har yau ana rarraba gidaje cikin rukunoni takwas ne bisa darajarsu ta ranar 1 ga Afrilu, 1991. Gidan da aka gina bara, sai an yi ƙiyasin nawa zai yi da an sayar da shi a 1991. Unguwar da ta yi tsada da wadda ta mutu duk suna nan inda aka ajiye su shekara talatin da wani abu da suka wuce, kuma mai katafaren gida ba ya biyan ninki huɗu na abin da mai ƙaramin ɗaki ke biya. SNP ta hau mulki a 2007 da alƙawarin soke wannan haraji. Wani kwamiti na jam'iyyu daban-daban ya ce a 2015 lallai a kawo ƙarshensa a yadda yake. Wales ta sake ƙiyasta gidajenta tun a farkon shekarun 2000. A Sikotlan abin da aka yi ta yi shi ne hana ƙarinsa, kuma a Oktoban 2023 Babban Ministan Sikotlan na lokacin, Humza Yousaf, ya sake sanar da hakan a taron jam'iyyarsa a Aberdeen ba tare da ya shawarci ƙananan hukumomin ba. Hana ƙari yana da daɗin ji, amma mai babban gida ya fi morarsa, kuma ƙananan hukumomin da aka toshe wa hanyar samun kuɗi su ne doka ta ɗora wa nauyin marasa matsuguni. Da aka ɗage takunkumin a 2025, da yawansu suka yi ƙarin kusan kashi 10 a tashi ɗaya. Kowa ya san sake ƙiyasi zai ɓata wa dubban masu zaɓe rai, shi ya sa kowa ke zagaye shi.

A wasu wuraren majalisar ta yi amfani da ikonta da ƙarfi. Ƙarin harajin da mai sayen gida na biyu ke biya ya tashi daga kashi 3 a 2016 zuwa kashi 8 a Disamban 2024, kuma daga Afrilun 2024 an ba ƙananan hukumomi damar ninka harajin gidajen hutu, abin da ya shafi tsibirai da yankunan tsaunuka inda 'yan gari ke rasa wurin zama saboda baƙi masu kuɗi. A 2016 kuma ta rufe tsarin sayar wa 'yan haya gidajen gwamnati da Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta kawo a 1980, bayan an sayar da kusan rabin miliyan ba a gina madadinsu ba.

Batun ƙayyade kuɗin haya yana da tsohon tarihi a can. A unguwar Govan ta Glasgow akwai mutum-mutumin Mary Barbour, matar da ta jagoranci yajin biyan haya na 1915, lokacin da masu gidaje suka ƙara kuɗi mazan suna bakin daga, har gwamnati ta yi dokar hana ƙari. A kakar 2022, da tsadar rayuwa ta yi ƙamari, gwamnatin SNP da jam'iyyar Greens mai rajin kare muhalli ta hana ƙarin haya baki ɗaya, daga Afrilun 2023 kuma ta ƙayyade shi a kan kashi 3 har zuwa ƙarshen Maris na 2024. Dokar ta kare wanda ke cikin gida, amma ba ta shafi sabuwar yarjejeniya ba. A ce ɗalibai uku sun haɗa kuɗi sun kama gida, ɗaya ya gama karatu ya tafi. Yarjejeniyar ta mutu, mai gida ya kawo sabuwa da sabon farashi, biyun da suka rage ko su sa hannu ko su kwashe kayansu. Farashin gidajen da ake tallatawa ya yi ta hawa, kuma baƙo, irin ɗalibi ko ma'aikacin kula da tsofaffi da ya sauka daga Najeriya ba shi da mai tsaya masa, shi ne ya fi jin jiki, domin kullum sabuwar yarjejeniya yake nema. Masu zuba jari suka ce rashin tabbas ya sa sun dakatar da gine-gine, ƙungiyar 'yan haya ta Living Rent ta ce ramin da aka bari a dokar ne matsalar. Dokar gidajen da majalisar ta amince da ita a 2025 ta ɗauki hanyar tsakiya: a yankunan da aka ware, ƙari ba zai wuce hauhawar farashi da ɗigo ɗaya a kai ba, kuma ko yaya ba zai haura kashi 6 ba. Greens suna ganin an raunana ta, masu gidaje suna ganin har yanzu ta yi tsauri.

Inda kukan SNP ya fi ƙarfi shi ne tallafi. A 2013 Landan ta kawo tsarin da ke cire wa mazaunin gidan gwamnati kashi 14 na kuɗin hayarsa daga tallafin da ake ba shi idan yana da ɗaki ɗaya da ba kowa, kashi 25 idan biyu ne. Matar da 'ya'yanta suka girma suka tafi, hayarta fam 100 a mako, sai ta nemo fam 14 daga kuɗin cefane, ko ta bar unguwar da ta yi shekara talatin a ciki, alhali ƙananan gidajen da za ta koma babu su. Holyrood ba ta kai ga soke tsarin ba, don haka take cike giɓin daga aljihunta, miliyoyin fam kowace shekara. Haka nan tallafin masu haya a gidajen 'yan kasuwa: Landan ta daskarar da shi daga 2020 zuwa 2024 haya tana ta tashi, ta ɗaga shi sau ɗaya, ta sake daskarar da shi a 2025. Duk iyalin da suka kasa biya aka fitar da su, ƙofar ƙaramar hukuma suke bugawa.

Ƙofar kuwa doka ta ce dole a buɗe. Tun ƙarshen 2012 Sikotlan ta soke sharaɗin fifiko da Ingila ke amfani da shi har yanzu, inda gwauro mai lafiya ba lallai a ba shi matsuguni ba. A Sikotlan duk wanda ya rasa gida ba da gangan ba yana da haƙƙin a sama masa na dindindin, kafin nan kuma a ba shi na wucin gadi, kuma bai kamata a bar shi a otal ya wuce kwana bakwai ba. Doka ce da ta cancanci yabo, amma haƙƙi ba ya zama ɗaki sai an gina ɗakin. A ƙarshen Maris na 2024 iyalai sama da 16,000 ne ke zaune a matsugunan wucin gadi, a cikinsu yara fiye da 10,000. Yaro ne da ke yin aikin gida a kan gado domin ba teburi, uwarsa ba ta da wurin ɗora tukunya, kuma ana iya ce musu gobe su koma wata unguwa nesa da makarantarsa.

A Glasgow ne igiyoyin nan duka suka haɗu. Birnin ya miƙa gidajensa ga wata ƙungiyar gidaje tun 2003, don haka ƙaramar hukumar ba ta da gidan kanta da za ta bayar, sai ta roƙi ƙungiyoyi. Shi ne kuma birnin da ya daɗe yana karɓar masu neman mafaka fiye da kowace ƙaramar hukuma a Birtaniya, daga ƙasashe irin su Sudan, Siriya da Afganistan. Muddin ana duba takardun mutum, ma'aikatar cikin gida ta Landan ce ke ba shi wurin kwana. A 2023 ma'aikatar ta hanzarta yanke hukunci domin rage tarin takardun da suka yi mata yawa, kuma wannan na cikin dalilan da Glasgow ta bayar lokacin da ta yi shelarta a Nuwamban shekarar. A lokacin, duk wanda aka amince masa, takardar da ke ba shi izinin zama tana tafe da wata da ke ba shi kwana 28 ya bar ɗakin da yake. A rana ta 29 ya fita daga lissafin Landan, ya shiga layin ƙaramar hukumar Glasgow, a ƙarƙashin dokar Holyrood, ba tare da kuɗin ɗakin ya biyo shi ba.